Yadda Ake Samun Fili da Izinin Gina Masana'anta a Garwa

Mai son kafa injin casar shinkafa, ko matsar man gyaɗa, ko wurin buga bulo, ko ɗan kamfanin ruwan leda a Garwa, yawanci da neman fili yake farawa. Ya ji labarin wani fili mai araha a bayan gari, ya biya, ya zuba yashi da tsakuwa, sannan ya tafi meri, wato ofishin magajin gari, neman takarda. A can ne ake gaya masa an ware wurin don gidajen zama, ko hanya za ta bi ta kansa, ko kuwa fadama ce da doka ta hana gini a cikinta. Na daɗe ina raka masu ƙananan masana'antu ofis-ofis da dosiyensu, kuma abin da na fi so mai farawa ya riƙe shi ne jerin aikin: ka san abin da hukuma ta ware wa fili kafin ka saya, ka karɓi takarda kafin ka haƙa harsashi. Da Garwa zan yi misali, amma dokar ɗaya ce a Marwa da Ngaundare da sauran garuruwan Kamaru.

Abin da za ka tanada

Katin shaidarka na ɗan ƙasa mai aiki, da kofe da yawa. Baƙo ya tanadi fasfo da takardar zama. Takardun kamfani, wato rajistar kasuwanci da lambar biyan haraji. Idan ba ka da su, ofishin CFCE ne wurin buɗe kamfani, kuma gara takardun fili da na gini su fito da sunan kamfanin tun farko da a zo ana canza suna daga baya.

Bayanin sana'arka a rubuce, shafi ɗaya ko biyu, da Faransanci: me za ka sarrafa, injuna nawa, ƙarfin wutar kowanne, ma'aikata nawa, ruwa nawa za ka sha a rana, wane irin datti zai fita, hayaƙi ne ko ƙura ko ruwan wanki ko ɓuntu, mota nawa za ta shiga ta fita. Mutane suna raina wannan takarda, alhali kusan kowane ofis da za ka shiga ita zai fara tambaya ta wata fuskar. Wanda ba ya jin Faransanci sosai ya nemi amintacce guda ɗaya ya riƙa tafiya da shi, kada yau wannan gobe wancan.

Sai mutane huɗu da ba makawa sai da su: jiyometir mai awon fili, noter mai rubuta takardun ciniki da tabbatar da su a doka, mai zanen gini da ke cikin ƙungiyar ONAC, da injiniyan gini da ke cikin ONIGC. Ka tambayi lambar rajistar kowannensu, ba rashin kunya ba ne. A ƙarshe kuɗin tambur, wato kan sarkin da ake manna wa takardun hukuma, da na awo da na haraji, da jaka mai kyau ta ajiye takardu, da littafi ƙarami da za ka riƙa rubuta ranar da ka kai kowace takarda da sunan ofishin da ya karɓa.

1. Ka san ajin da sana'arka ta faɗa

Dokar 14 ga Yuli 1998 ta kasa wuraren aikin da ke iya jawo haɗari ko ƙazanta ko damun maƙwabta gida biyu. Aji na ɗaya su ne masu haɗari babba, waɗanda ba a yarda a kafa su kusa da gidajen mutane ba, kuma sai da izinin ministan masana'antu. Aji na biyu masu sauƙi ne, sanarwa ake kai wa hukuma a rubuce kafin a buɗe, ita kuma ta ba da sharuɗɗan da za a bi. Akwai jadawalin da ya jera sana'o'i da ajinsu, kuma girman aiki yana sauya aji: ƙarfin injin, yawan man da za ka ajiye a tanki, ko kana da tukunyar tururi. Ka ɗauki bayanin sana'arka ka je ofishin MINMIDT, ma'aikatar ma'adinai da masana'antu, na jiha, ka ce a nuna maka inda ka faɗa.

Na sa wannan a gaba ne domin shi zai gaya maka irin filin da za ka nema. Mai aji na ɗaya kada ma ya ɓata lokacinsa a cikin unguwa irin Yelwa ko Rumde Ajiya, komai faɗin filin da gadon gidansu ya bar masa. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne rage girman aiki a takarda don a faɗa aji na biyu, da niyyar a ƙaro injuna daga baya. Masu duba masana'antu suna zagayawa, kuma abin da ke rubuce a jikin inji shi suke karantawa.

2. Ka je ka ga taswirar gari da idonka

Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta tanadi takardun tsarin gari iri huɗu. Biyu ne suka fi shafarka. PDU shi ne babban tsari, yana nuna inda gari zai dosa nan da shekaru masu zuwa, inda manyan hanyoyi za su bi, da inda aka keɓe wa masana'antu. POS shi ne mai shiga daki-daki: ya yanka gari yanki-yanki, kowane yanki da launinsa da harafinsa, kuma kowane yanki da ƙa'idojinsa a rubuce. Ƙananan garuruwa sukan wadatu da PSU, wanda yake taƙaitacce. Ana samun su a sashen tsara gari na babbar merin birni, da merin gundumomi, a Garwa guda uku ne, da kuma ofishin MINHDU, ma'aikatar gidaje da raya birane.

Kada ka tsaya a kallon launi. Taswira rabin magana ce, sauran rabin yana cikin littafin ƙa'idojin da ke tare da ita. Ka ce a buɗe maka babin yankin da kake so, ka kwafi amsar waɗannan a littafinka: waɗanne sana'o'i aka yarda da su, waɗanne aka hana, kashi nawa na filin gini zai iya rufewa, mita nawa za ka ja baya daga hanya da kuma daga katangar maƙwabci, tsawon gini zuwa ina, wurin ajiye motoci da na sauke kaya nawa ake bukata a cikin filin, ko an yarda da ɗakin kwana. A yankin masana'antu abin da aka saba yarda da shi ɗakin maigadi ne, ba gidan iyali ba. Alhazai da yawa suna son su gina gida a kusurwar fili don su riƙa jin motsin injinsu da dare. Na fahimci dalilin, amma ni ba na ba da wannan shawara ko da an yarda, saboda ƙurar ɓuntu da ƙarar janareta ba abin da yara za su tashi a ciki ba ne.

Idan wurin da kake so yana wajen da taswira ta kai, ko ƙaramar hukumar ba ta da tsarin da aka amince da shi, ba wai babu doka ba ne. Ƙa'idojin gama-gari na ƙasa su ke aiki, kuma magajin gari yana da ikon ayyana wuraren da ba a gini. Sai ka dogara da mataki na 4.

3. Zaɓen fili: hanyoyi uku

Hanya ta farko, yankin MAGZI. Wannan hukuma ce ta gwamnati da aka kafa a 1971 don shirya yankunan masana'antu da kula da su, tana da yanki a Jambutu nan Garwa, tana da shi a Ngaundare. Haya take bayarwa ta dogon lokaci, ba sayarwa ba. Kana kai takardar nema da bayanin aikinka da takardun kamfani da faɗin da kake so, idan an amince a sa hannu a yarjejeniya, ka riƙa biyan haya gwargwadon murabba'in mita. Amfaninta a fili yake: batun ko an yarda da masana'anta a wurin ya ƙare, babu magada da za su taso maka, babu maƙwabcin da zai kai ƙara don ƙarar inji. Abin da ke hana mutanenmu shi ne kalmar haya. Bahaushe yana son ya ce filina ne. Amma ka yi lissafi: kuɗin da za ka binne a sayen ƙasa zai iya saya maka inji na biyu. Kafin ka sa hannu ka karanta tsawon yarjejeniyar, yadda ake sabunta ta, wa'adin da aka ba ka na fara gini, abin da zai faru da gininka idan haya ta ƙare, da ko za ka iya ba wani haya a ciki. Ka kuma je ka taka filin da ƙafarka, ka ga inda hanya da turakun wuta da bututun ruwa suka tsaya a zahiri. Kasancewar fili cikin yankin masana'antu ba ya nufin an kawo komai bakin ƙofarsa.

Hanya ta biyu, sayen fili mai titir fonsiye. Tun dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974, titir fonsiye ita ce shaidar mallaka a Kamaru. Ka karɓi lambar titir, ka je ofishin ajiyar rajistar filaye na MINDCAF, ma'aikatar filaye, da kanka, ka nemi sabuwar takardar shaidar mallaka. Ita za ta nuna sunan mai filin na yanzu, faɗinsa, da ko an jinginar da shi a banki ko akwai shari'a a kansa. Kofen titir da mai sayarwa ya zaro daga aljihu ba ya nuna wannan. Sannan ka kai jiyometir ya nemo duwatsun iyaka, waɗannan gajerun turakun siminti da ake binnewa a kusurwoyi, ya gwada su da zanen da ke rajista. Sau da yawa za ka tarar ɗaya ya nutse a ƙasa, ɗaya an tuge shi an mayar gaba da taku goma, ɗaya yana cikin gonar maƙwabci. Idan yanki za a yanka maka daga babban fili, sai an yi awon rabawa an fitar maka da titir naka. Cinikin kuma a gaban noter ake yinsa; doka ta ce cinikin fili mai titir da ba a yi a gaban noter ba, babu shi. Idan filin gado ne, ka nemi hukuncin kotu da ya bayyana magada, kada ka wadatu da sa hannun babban wa.

'Yan'uwanmu da ke zuwa daga Yola ko Mubi ko Kano su lura: baƙo yana iya saye ko haya, amma takardar sai ta sami amincewar ministan filaye, kuma ba a yarda ba a yankunan bakin iyaka. Sayen fili da sunan aboki ɗan ƙasa don kauce wa wannan ya raba zumunci da yawa, musamman bayan mutuwar ɗaya daga cikinsu.

Hanya ta uku, filin da ba shi da titir, wanda jauro ko lawan ya nuna maka. A nan aka fi yin kuka. Takardar da jauro ya sa wa hannu da shaidu tana da daraja a zaman unguwa, kuma ban ce ka tsallake masu sarauta ba, don ba za ka zauna lafiya a wurin da ba su san da kai ba. Amma a idon doka irin wannan fili na ƙasa ne, gwamnati ke riƙe da shi. Wanda iyalinsa ke zaune ko noma a wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974 shi ke iya neman titir kai tsaye. Kai da ka zo da sabon aiki, hanyarka ita ce neman a ba ka filin na wucin gadi bisa aikin da ka ce za ka yi, wa'adin ba ya wuce shekara 5, idan ka cika alkawarin gini a mayar maka na dindindin. Kwamitin da su-perefe, wakilin gwamnati a gunduma, ke shugabanta, wanda mai unguwa da dattawa biyu ke ciki, shi ke zuwa ya duba filin. Hanyar tana da tsawo. Idan jarinka bashi ne mai wa'adi, ka koma ta farko ko ta biyu.

4. Takardar shaidar tsarin gari, kafin ka biya ko sisi

A ofis sartifika durbanisim ake ce mata. Magajin gari ke bayarwa, kuma ita ke faɗa a rubuce ko ana gini a filin, wane irin gini, da waɗanne sharuɗɗa ke kansa. Dokar 2004 ta wajabta ta a duk cinikin fili, kuma za a sake nemanta a dosiyen izinin gini. Ana kai takardar nema mai tambur da zanen da ke nuna inda filin yake. A cikin takardar neman ka rubuta ainihin abin da za ka yi, misali injin casar shinkafa da sito. Idan ka rubuta "gini" kawai, amsar da za a ba ka ba za ta kare ka ba ranar da aka ga tirela tana sauke injuna.

Mai sayarwa zai matsa maka, zai ce akwai wani Alhaji da ke zuwa da kuɗi gobe. Ka ce masa ka yarda da farashi, a rubuta alkawarin ciniki a wurin noter bisa sharaɗin fitowar wannan takarda. Mai fili na gaskiya ba ya gudun haka.

Ga wuraren da za ka yi hattara da su tun kafin takarda ta fito. Doka ta hana gini a inda ambaliya ko zaizayar ƙasa ke barazana, kuma duk wanda ya ga abin da Binuwai ta yi a 2012 ya san ba maganar takarda ba ce kawai. Gefen kogin da jirgi ke bi, mita 25 daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika, na gwamnati ne. Babbar hanyar ƙasa, irin wadda ta taso daga Ngaundare ta ratsa Garwa ta nufi Marwa, tana da mita 40 kowane gefe daga tsakiyar kwalta a wajen gari. A cikin gari an rage. Ƙarƙashin manyan wayoyin wuta ma ba a gini, kuma kusa da filin jirgin sama akwai iyakar tsawo, abin da ya shafi mai dogon bututun hayaƙi ko rumbun ƙarfe. Wanda ya gina a irin waɗannan wurare, wata safiya zai tarar an shafa wa katangarsa jan fenti da kuros da kwanan wata, alamar za a rushe, kuma titir ɗin maƙwabci ba zai cece shi ba.

Idan da hali ka ga fili sau biyu, da rani da kuma cikin Agusta. In ba za ka iya jira ba, ka duba gindin katangun da ke kusa, ruwa yakan bar zane a jikinsu, ka kuma tambayi masu noma a wurin inda ruwa ke kwanciya.

5. Takardar muhalli

Dokar muhalli ta 5 ga Agusta 1996 da dokar zartarwa ta 14 ga Fabrairu 2013 sun kasa binciken mataki uku. Ƙananan ayyuka ɗan taƙaitaccen rahoto suke yi, notis ake kiransa, kuma meri ke amincewa da shi tare da shawarar ofishin muhalli. Matsakaita da manya suna yin cikakken bincike, taƙaitacce ko mai zurfi, wanda ofishin ƙwararru mai lasisi ke yi, ma'aikatar muhalli, MINEPDED, ta amince. Ana farawa da rubuta abin da binciken zai ƙunsa a kai a amince, sannan a yi shi, kuma a babban bincike ana tara mutanen da ke kewaye a ji ta bakinsu.

Kada ka ɗauki wannan taro a matsayin wahala. Ka je da kanka, ka gai da jauro da liman da dattawa, ka faɗi gaskiyar awannin da inji zai yi aiki da inda ruwan datti zai bi. Abin da ka yi alkawari a rahoto shi za a zo a duba, don haka kada ka bar mai rubutawa ya kwafo maka alkawuran wani babban kamfani da ba za ka iya cikawa ba. Idan ka ce za ka haƙa ramin tace ruwa mai ɗaki uku, to ka haƙa shi.

6. Zanen gini, da abin da ƙasar nan ke bukata

Yanzu ne za ka zauna da mai zane, ka ba shi ƙa'idojin da ka kwafo a mataki na 2. Ka fara da gwajin ƙasa, a Labogenie ko wani ɗakin gwaji mai lasisi. A kwarin Binuwai da filayen Diyamare akwai baƙar laka da ake kira karal, wadda ake dasa muskuwari a kanta. Da rani tana tsagewa har hannu ya shige, da damina ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta. Sito mai faɗi da aka zuba wa daɓe kai tsaye a kan karal, shekara biyu ba ta cika sai ka ga daɓen ya rabe, ƙofar ƙarfe ta ƙi rufuwa, injin da aka daidaita da ma'auni ya karkace yana cin belt. Magani yana wurin injiniya: a kwashe lakar a cike da jar ƙasa a daddanne, ko a zurfafa harsashi, kuma kowane inji mai girgiza a yi masa gindinsa daban da daɓen ɗaki. Kuɗin gwajin ƙasa bai kai na gyaran kusurwa ɗaya ba.

Sauran abubuwan da nake dubawa a zane kafin a kai shi:

Ƙofa da fili na juyawa. Tirela ta shiga, ta juya, ta fita da gaba, ba tare da ta tare hanya ba. Mutane suna cika fili da gini har iyakar da aka yarda, sai a koma sauke buhuna a bakin titi, daga nan rigima da meri ta fara.

Iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma. Ka sa wurin tara ɓuntu da bakin hayaƙi inda ba za su bi ta kan ofis ko maƙwabta ba a mafi yawan shekara.

Zafi. A Maris da Afrilu Garwa tana haura digiri 40. Rufin kwano mai ƙasa-ƙasa yana gajiyar da ma'aikata, yana kashe mota mai juya inji. A ɗaga rufi, a bar tagogin iska a sama.

Ruwa. Magudanar ruwan sama daban, ta ruwan aiki daban. Masai da ramin ruwan datti su yi nesa da rijiyar burtsatse, musamman ga mai ruwan leda ko kayan ci.

Wuta. Ka je kamfanin wuta da jimillar ƙarfin injunanka tun ana zane, ka ji ko layin da ke kusa zai ɗauke ka ko sai ka sa taransifoma taka, a ware mata wuri a zanen. Haka ɗakin janareta da tankin gas, nesa da inda ake tara buhuna da ɓuntu.

Gobara. Ƙofar fita fiye da ɗaya, hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta zagaya gini, da tankin ruwa.

7. Kai dosiyen izinin gini

A Garwa da Marwa da Ngaundare babban magajin birni ke sa hannu a permi (izinin gini), muƙamin da dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta kawo a madadin wakilin gwamnati na da. A sauran garuruwa magajin garin wurin ne. Dosiye yana ƙunsar takardar nema mai tambur, takardar shaidar tsarin gari, sabuwar shaidar mallaka ko yarjejeniyar haya da yardar mai fili, zanen wuri da na yadda gini zai zauna a fili, zanen harsashi da ɗakuna da rufi da fuskoki, tsarin magudanar datti, lissafin injiniya, da kiyasin kuɗin gini dalla-dalla. Ka haɗa da takardar muhalli. Ka tambayi kofe nawa ake so kafin ka buga, don zanen manyan takardu yana da tsada.

Harajin permi kashi 1 cikin 100 ne na kuɗin ginin da hukuma ta amince da shi. A wurin mai karɓar kuɗin meri ake biya, a karɓi rasit. Duk wanda ya tare ka a baranda ya ce ka ba shi ya ƙarasa maka, ka gode masa ka wuce. Ranar da ka ajiye dosiye ka karɓi takardar shaidar ajiya mai kwanan wata da hatimi. Dokar 2004 ta ba hukuma kwana 45 ta amsa, in ta yi shiru ana ɗaukar an yarda. Duk da haka ban taɓa ba wani shawarar ya fara zuba kankare bisa shiru ba. Banki ba ya karɓar shiru, mai duba gini ma takarda yake so ya gani. Idan wa'adi ya wuce, ka rubuta wasiƙar tuni ka haɗa da kofen shaidar ajiya. Idan an dawo maka da gyara, ka ce a rubuta maka su duka a lokaci ɗaya.

Wanda filinsa bai sami titir ba tukuna, ko rumfa ce ta wucin gadi zai kafa, akwai ƙaramin izini da ake kira permi danplante. Yana da saurin fita, amma na gini ne mara nauyi wanda za a iya cirewa, kuma ranar da hukuma ta bukaci wurin ba ta biyan diyya. Ya isa ga mai buga bulo ko mai walda da ke gwada kasuwa. Bai isa a dasa injin miliyoyin sefa a kansa ba.

8. Lokacin gini

Ka kafa allo a bakin fili mai lambar permi da kwanan wata da irin ginin. Ka sa jiyometir ya buga turakun gini bisa zane, musamman tazarar ja da baya, kafin magina su ja igiya. Kofen permi da zanen da aka buga wa hatimi su zauna a wurin aiki kullum. Permi yana mutuwa idan shekara 2 ta wuce ba a fara gini ba, don haka kada ka karɓe shi ka ajiye kana jiran kuɗi.

Magini zai zo maka da shawara: Alhaji, tunda ga bulo ya ragu, mu ƙara ɗaki a nan, mu matsa katanga can. Duk canjin da ya taɓa faɗi ko tsawo ko amfanin gini, a mayar da shi meri a gyara takarda tukuna. Wurin da aka bari fili a zane, an bar shi ne don mota ko gobara ko ruwa.

9. Kafin ka kunna inji

In gini ya ƙare ka sanar da meri, su zo su gwada shi da zane, su ba ka takardar shaidar dacewa. Mutane da yawa suna tsallake ta don gini ya riga ya tsaya, sai ranar neman bashi ko inshora ko sayarwa a neme ta.

Sannan ka koma MINMIDT ka ƙarasa abin da ka fara a mataki na 1. Mai aji na biyu ya kai sanarwarsa da zanen wurin, ya karɓi shaidar karɓa da sharuɗɗan aiki. Mai aji na ɗaya dosiyensa ya fi nauyi: binciken haɗurra, tsarin abin da za a yi in gobara ko fashewa ta auku, da binciken jin ra'ayin jama'a kafin minista ya sa hannu. Shi kada ya jira gini ya ƙare, ya kai nasa tun lokacin da yake haɗa na muhalli, don ba a fafe gora ranar tafiya. Tukunyar tururi da tankin iska mai matsi suna da gwajinsu daban kafin a fara aiki da su. Mai kayan ci ko na sha yana da ƙarin takardun tsafta da na inganci, ma'aikata kuma a yi musu rajista a CNPS, asusun inshora da fanshon ma'aikata.

Duk takardun nan ka yi musu kofe biyu, ka ɗauki hotonsu a waya. Na asali su zauna a gida ko a banki, kofe ɗaya a ofishin masana'anta inda manaja zai iya miƙa wa mai dubawa ko ba ka nan. Ranar da ka yi niyyar ƙara inji, ko canza sana'a daga casa zuwa matsar mai, ko sayar wa wani, ka ɗauki jakar ka sake bi ta MINMIDT da meri kafin ka taɓa komai, domin izinin da ke hannunka na aikin da ka bayyana ne, a girman da ka bayyana.